Banki Ba Ya Cin Aya

Abu na farko da ya kamata ɗan kasuwar Gaya ya sani, kafin ya ɗinke bakin buhu da niyyar tura shi ƙetare, shi ne banki ba ya cin aya. Ba ya cin riɗi, ba ya sansanar albasa, bai taɓa cusa hannu cikin buhun ƙaro don ya ji ko an haɗa da tsakuwa ba. Maganar nan a rubuce take. Majalisar ƴan kasuwa ta duniya, ICC, mai hedikwata a Paris, ta tsara ƙa'idojin biyan kuɗi da takardu tun 1933, ta yi ta yi musu kwaskwarima har zuwa bugun da ake kira UCP 600, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2007. Sashe 39 gare shi. Na biyar ɗinsu gajere ne ƙwarai, amma shi ya raba gardama: bankuna da takardu suke hulɗa, babu ruwansu da kayan da takardun ke magana a kai. Saboda haka wanda ya loda aya mai kyau ya kawo takarda mai aibi, zai koma gida hannu Rabbana. Wanda ya kawo takarda marar aibi za a biya shi cif, ko da a wannan sa'a jirgin da kayan suna ƙarƙashin teku.

Na san wannan yana da wuyar haɗiyewa a garin da ake cinikin miliyoyi da musafaha. Gaya na zaune a bakin kogin Kwara, Malanbil na kallonta daga tsallake, Kamba ta jihar Kebbi kuma tana nan gabas, tafiyar da ba ta kai a yi mata guzuri ba. Dilolin gwanjo da suka cika sitocin garin, albasar Galmi da ke gangarowa kudu, rake da dankalin fadamun Dandi, dabbobin da ake korawa Nijeriya, galibinsu ba su taɓa ganin ƙofar banki ba. Waya ɗaya ake bugawa, a ce «Alhaji, kaya sun iso,» a tura kuɗi ta Nita ko Al Izza, ko a bi ta hannun ɗan canji, magana ta ƙare. Wannan tsari yana aiki, kuma ba ni da abin da zan kushe a cikinsa. Iyakarsa kawai ita ce iyakar sanayya. Yana aiki ne saboda in mutum ya ci amana, an san gidan surukansa.

To, mai sayen aya a Balensiya ta ƙasar Sipaniya, inda ake yin kunun ayar nan nasu da suke kira orcata, bai san surukan kowa a Gaya ba. Shi ba zai tura kuɗi gaba ba, don kada ya ji shiru. Alhaji ma ba zai saki kaya gaba ba, don kada ya ji shiru. Kowa na riƙe da nasa, kowa kuma yana da gaskiya. Kakanninmu fatake sun san wannan matsala, kuma sun san maganinta: maigidan zango, wanda baƙo ke sauka wurinsa a Salaga ko Sabon Ibadan, shi ne ke tsayawa tsakani ya ce in mai saye bai biya ba, ni zan biya. Aikin banki ke nan a cinikin ƙetare. Bambancin shi ne maigidan zango yana da ido, yana leƙa huhun goro, yana duba haƙorin sa. Banki kuwa ya ɗauki alkawarin biya amma ya ce shi ba zai je tasha ba, a kawo masa takardu ofis.

Ga yadda abin yake tafiya. A ce Alhaji ya yi ciniki da mutumin Balensiya a kan tan 50 na aya, buhu 1,000 mai kilo hamsin-hamsin, a kan Yuro 60,000. Tun da Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya hawa ba ya sauka, kuɗin sun haura sefa miliyan 39. Mai saye zai je bankinsa ya ce a buɗe wa Alhaji takardar lamuni, wadda ma'aikatan bankinmu ke kira kiredok. Bankin can zai aiko da saƙo ta hanyar sadarwar bankuna ta SWIFT, a tsarin da ake kira MT700, zuwa wani banki a Yamai, ko Sonibank ne, ko BIA, ko BOA, ko Ecobank, ko wani. Bankin Yamai zai tabbatar saƙon na gaske ne, sannan ya kira Alhaji. Abin da ke cikin saƙon alkawari ne: in ka kawo takarda kaza da kaza, kafin rana kaza, a wuri kaza, za mu biya ka. Da zarar an buɗe ta, mai saye ba shi da ikon janyewa don ya ji farashi ya faɗi, kuma ba a sauya ko da harafi ɗaya sai da yardar Alhaji da ta bankin.

A nan mafi yawan asara take faruwa, tun kafin a taɓa buhu. Mutum ya karɓi takardar lamuni, ya ga sunansa, ya ga sifili huɗu, ya ce alhamdu lillahi, ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, ya tafi neman mota. Takardar nan ba ta aljihu ba ce. A ranar da ta iso ya kamata a zauna da tiranziter, wakilin da ke fitar da kaya a duwan (kwastan), da wanda ya iya yaren da aka rubuta ta da shi, a bi ta layi-layi, ana tambaya ɗaya tak a kan kowane layi: wannan, zan iya kawo shi? In an ce a kawo shaidar wani ɗakin gwaji da ba shi da reshe a Nijar ko a tashar lodi, ba za ka iya ba. In an ce a kawo takarda mai sa hannun wakilin mai saye, to ka miƙa masa makullin kuɗinka, domin ran da ya ga dama ya ƙi sa hannu, shi ke nan. Duk abin da ba zai yiwu ba, a nemi gyara tun kaya na sito. Gyara kafin lodi kuɗin saƙo ne kawai. Gyara bayan lodi roƙo ne.

Takardun kansu ba su da yawa. Akwai faktir, wato takardar ciniki da Alhaji ke rubutawa da sunan mai saye, da irin kuɗin da lamunin ya ambata. Akwai takardar jerin kaya, mai faɗin buhu nawa, nauyi nawa, a wace kwantena. Akwai shaidar asali, mai cewa ayar nan a Nijar aka noma ta. Akwai shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar kare amfanin gona, mai cewa an duba babu ƙwaro. In cinikin ya haɗa da inshora, akwai takardarta, kuma in lamunin bai faɗi adadi ba, dole ta rufe aƙalla kashi 110 cikin 100 na darajar kaya, wato Yuro 66,000 a misalinmu, kuma kada kwanan watanta ya zo bayan ranar lodi. Sai uwarsu duka, konesma, takardar da kamfanin jirgin ruwa ke bayarwa bayan kwantena ta hau jirgi. Ita ce rasit, ita ce yarjejeniyar dako, kuma ita ce mallaka: wanda ke riƙe da asalinta, shi zai karɓi kaya a can. Galibi asali uku ake fitarwa, banki kuma yakan ce a kawo ukun duka, domin in ɗaya ta yi yawo, tan 50 ne ke yawo.

Konesma sai ta zama tsarkakakka. Ma'anarsa kada a sami wani rubutu a kanta da ke cewa kaya ko mazubinsu na da lahani. Idan ma'aikacin jirgi ya ga ƙofar kwantena a lotse ya rubuta haka da biro a gefe, kalmomi huɗu ko biyar, waɗannan kalmomi sun isa su tsayar da sefa miliyan 39. Shi ma'aikacin ya yi aikinsa, ya tafi cin abincin rana.

Yanzu mu shiga ofishin. Sashen da ke duba irin waɗannan takardu a hedikwatar banki yake, a Yamai, kusan kilomita 300 daga Gaya ta Doso. Tebur ne, da fitila, da matashi ɗaya mai fensir da rula. Yakan shimfiɗa takardar lamuni a hagu, takardun Alhaji a dama, ya aza rula a layin farko, ya karanta, ya duba dama, ya sa ɗigo, ya sauke rula layi na biyu. Ba ya sauri. In ya kai wani wuri ya tsaya, ya koma baya, ya zana ƙaramin da'ira, to da'irar nan ita ake kira saɓani. Hirar da ke biyo baya kusan iri ɗaya ce a ko'ina.

«Alhaji, ranka ya daɗe, lamuni ya ce buhu 1,000, kuma an hana lodi kashi-kashi. Konesma ta ce 997.»

«Haka ne, ɗana. Uku ne suka fashe wajen saukewa a tasha. Ai na cire kuɗinsu a faktir, ban ci haƙƙin kowa ba.»

«Na gani, Alhaji, Allah ya saka da alheri. Amma 997 ba 1,000 ba ne.»

«To buhu ukun nan nawa suke? A cire ninkinsu goma mana.»

«Ba ni da gurbin cirewa, ranka ya daɗe. Gurbi biyu gare ni: ya dace, ko bai dace ba.»

Yaron bai yi rashin kunya ba, kuma ba cin hanci yake nema ba. An yi irin wannan shari'a a Ingila tun 1954, tsakanin kamfanin Moralice da na E.D. & F. Man, a kan buhu 5,000 na sukari da aka sami uku sun yi ƙasa, kuma hukuncin shi ne a sha'anin takardar lamuni babu «ai kaɗan ne». Da lamunin ya ce tan 50 bai ambaci yawan buhu ba, da ƙa'ida ta yi wa Alhaji rangwamen kashi 5 cikin 100 sama ko ƙasa a nauyi, muddin kuɗin bai wuce na lamuni ba. Da an rubuta «kimanin» a gaban adadin, da rangwamen ya kai kashi 10. Kalma ɗaya ce, ba a biyan ko dala a kanta, kuma tun ranar ciniki ake neman a sa ta. Duk wanda ya san hanyar Gaya zuwa teku da yadda ake jifa da buhu, ya san kalmar nan ta fi tamfol amfani.

Shari'ar da ta fi kusa da mu ta gyaɗa ce. A 1940 wani kamfani a Danmak ya buɗe wa kamfanin J.H. Rayner na Landan lamuni ta bankin Hambros, don gyaɗar Koromandel ta Indiya. Faktir ta ce gyaɗar Koromandel, amma konesma ta kira ta ƙwayar gyaɗa ɓarin inji. Duk ɗan kasuwar gyaɗa a Landan ya san abu ɗaya ne. Banki ya ƙi biya. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce banki ya yi daidai, domin ba a ɗora wa ma'aikacin banki sanin al'adar kowace sana'a a duniya ba. Tun daga lokacin an sassauta: yau faktir ce kawai dole bayaninta ya yi daidai da na lamuni, sauran takardu za su iya kiran kaya da suna na gaba ɗaya, muddin ba su ci karo da shi ba. Kuskuren harafi da bai sauya ma'ana ba ma an ce a ƙyale shi. Amma ban ba kowa shawarar ya jingina miliyoyinsa da wannan sassauci ba. A kwafe bayanin kaya daga lamuni zuwa faktir harafi da harafi, har waƙafi.

Mu kuma muna da namu tarkon na gida. Mutum ɗaya ne, a katin ɗan ƙasa Mahamadou, a rajistar kasuwanci Mahamane, a kan faktir Mamane, a bakin mai saye Mohamed. A unguwa duk ya amsa. A teburin mai rula, mutum huɗu ne, kuma ɗaya kaɗai aka yi wa alkawari. Haka sunan ƙasa. Magatakarda a Turai ko Asiya ya ji Nijar ya rubuta Nijeriya, ya zo ga Gaya ya duba taswira ya ga akwai Gaya a jihar Kano, akwai wata ma a Bihar ta Indiya, hankalinsa ya kwanta. Sai lamuni ya nemi aya ƴar Nijeriya, shaidar asali ta zo tana cewa ƴar Nijar ce. Duka biyun takardu ne masu hatimi. Rula ta tsaya.

Kada wanda abin ya sama ya ɗauka shi kaɗai ne. A gabatarwar UCP 600, ICC da kanta ta ce binciken da aka yi a lokacin ya nuna kimanin kashi 70 cikin 100 na takardun da ake miƙawa ana mayar da su a karon farko. Wannan ya haɗa da manyan kamfanoni masu ofishin lauyoyi hawa guda.

Sai lissafin kwanaki, wanda ya kamata a rubuta a bangon sito. In lamuni bai faɗi wani abu dabam ba, Alhaji na da kwana 21 daga ranar da kaya suka hau jirgi ya miƙa takardu, kuma kada ya wuce ranar ƙarewar lamunin. Banki na da kwana biyar bayan ranar miƙawa ya duba ya ba da amsa. Kwanakin Alhaji na kalanda ne: Asabar tana ciki, Lahadi tana ciki, ranar Sallah tana ciki, ranar da mota ta lalace tsakanin Doso da Birnin Gaure tana ciki. Kwanakin banki na aiki ne. Sassauci ɗaya aka yi: in ranar ƙarshe ta miƙa takardu ta faɗo a ranar da banki ke rufe bisa al'ada, a kai washegarin aiki. Ranar ƙarshe ta lodi kuwa ba ta matsawa. A tuna kuma konesma a bakin teku ake fitar da ita, a Kwatano ko Lome, sai ta yi tafiya zuwa Yamai, kuma agogo na tafiya tare da ita. In lamunin ya ce a teburin bankin Balensiya za a miƙa, to can takardun za su isa kafin wa'adi, ba Yamai ba. Shi ya sa mai hankali ke neman a sa wurin miƙawa a bankinsa na gida, in hali ya yi kuma a sami wani banki ya ƙara nasa tabbaci a kai, don alkawari ya zama na mutum biyu.

Ƙa'idar tana da haƙori a ɗaya gefen ma, kuma ya kamata ƴan kasuwarmu su san wannan. In banki zai ƙi, sau ɗaya zai faɗa, a cikin kwana biyar ɗin, ya lissafa duk saɓanin da ya gani, ya kuma faɗi abin da zai yi da takardun. Ba ya kawo biyu yau, ya tuno da na uku jibi. In ya yi sakaci wa'adin ya wuce bai yi magana ba, bakinsa ya rufu, sai ya biya. In kuwa saɓanin na gaske ne kuma da sauran kwanaki, a gyara a sake miƙawa. In lokaci ya ƙure, sai a nemi mai saye ya yafe. Mai saye yana yafewa da sauri in aya ta yi tsada a Balensiya. In ta faɗi, yakan tuna cewa shi mutum ne mai bin ƙa'ida, sannan ya tambaya ko za a rage masa wani abu.

Yanzu ga gada. Tun da aka san Gaya a sha'anin fito, darajarta ita ce gadar da ta haɗa ta da Malanbil, hanyar da ta fi kusa daga Yamai zuwa teku, kilomita dubu da ɗoriya zuwa Kwatano. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi ranar 30 ga watan, aka rufe iyaka, ɗaruruwan manyan motoci suka yi layi a tsallake. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu, 2024, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe bisa dalilan tsaro. Mutane suka koma kwalekwale, manyan kaya suka koma hanyar Lome ta Burkina Faso, ta Dori da Tera, cikin ayari da rakiyar soja. Kafin wannan ma, Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, mutanen Kamba da Gaya sun ji a jika.

Me takardar lamuni ta ce game da duk wannan? Ba ta ce komai ba. A UCP 600 akwai sashe na 36 da ke maganar yaƙi da tarzoma da yajin aiki da abin da ya fi ƙarfin mutum, amma banki yake karewa in aikinsa ya tsaya, har ya ce lamunin da ya ƙare a cikin wannan tsaiko ba za a biya shi ba. Ɗan kasuwar da motarsa ta kwana arba'in a bakin gada ba shi da sashe. Idan lamuni ya ce tashar lodi Kwatano, konesma ta ce Lome, saɓani ne. Idan ya ce a loda kafin 30 ga wata, aka loda 2 ga na gaba, saɓani ne. Mai rula zai iya kasancewa ɗan Gaya, ya san an rufe gada, wataƙila ƙaninsa ma a kwalekwale yake fito. Zai jajanta wa Alhaji da zuciya ɗaya, sannan ya zana da'irarsa. Don haka ɗan ƙasar da ba ta da teku bai kamata ya yarda a ɗaure shi da tasha guda ba. A rubuta kowace tasha a Afirka ta Yamma, ko a jera Kwatano da Lome da Tema. A ba da tazarar lodi mai faɗi. In mai saye ya yarda, a yi ciniki a kan miƙa kaya ga ɗan dako tun daga cikin ƙasa, da takardar sufuri mai haɗa mota da jirgi, don agogo ya fara daga inda Alhaji ke da iko. A kuma duba ko kayan na cikin waɗanda aka yarda su fita, domin a Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi irin su gero da dawa da masara da shinkafa da wake, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso. Lamuni ba ya buɗe abin da duwan ta rufe.

Akwai hanya mai rahusa da ake kira karɓar kuɗi da takardu, a ƙarƙashin ƙa'idojin URC 522 da suka fara aiki a 1996. A nan banki ɗan aike ne kawai: ya kai takardu bankin mai saye, a ce masa biya ka karɓa, ko sa hannu ka biya nan da kwana kaza. Babu bankin da ya yi alkawari. In mai saye ya ƙi zuwa, kwantena na zaune a tashar wata ƙasa, kuɗin ajiya na hawa kullum. Ta dace da wanda aka daɗe ana hulɗa da shi.

Bayan duk wannan, akwai ido na uku, na hukuma. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, amma tana cikin ƙungiyar UEMOA, kuɗinta sefa, babban bankinta BCEAO mai hedikwata a Dakar. Dokar musayar kuɗi ta 2010 ta ce duk kayan da za su fita wajen ƙasashen UEMOA, in darajarsu ta wuce sefa miliyan 10, sai an yi musu rajista a wani banki tun kafin su tashi. Ɗan kasuwa ya sa hannu a takardar alkawarin dawo da kuɗi, duwan ta buga hatimi a shaidar fitar kaya, wa'adin biya kuma kada ya wuce kwana 120 daga ranar tura kaya. An sabunta dokar a Disambar 2024, saboda haka a karɓi adadin da ke aiki yau daga bakin banki kafin a loda. Abin lura shi ne ma'anar «waje». A idon wannan doka Dakar gida ce, Abijan gida ce, Kwatano gida ce. Kamba, inda ake zuwa ɗaurin aure da safe a dawo kafin azahar, ƙasar waje ce, daidai da Balensiya da Shanghai. Ɗan'uwanmu na Kamba shi ma yana da tasa takardar, fom NXP, da kwana 180 na dawo da kuɗin kayan da ba man fetur ba, bisa umarnin babban bankin Nijeriya.

Wani zai ce, to in takarda ce komai, ai sai a cika kwantena da yashi a kawo takarda mai kyau. An riga shi. A 1941 wata kotu a New York ta saurari ƙarar wani mai suna Sztejn, wanda ya sayi gashin yin buroshi daga wani kamfani a Indiya, ya ce akwatuna 50 da aka loda masa gashin shanu ne da tarkace. Kotu ta ce in zamba ce ƙarara kuma an sanar da banki kafin ya biya, ana iya tsayar da biya. Wannan ƙofa ƙarama ce, an yi ta don ɓarawo. Gardama a kan ko aya ta bushe sosai ko ba ta bushe ba, wannan tsakanin mai saye da mai sayarwa ne, su je su ƙarata, banki ya riga ya biya.

Game da halacci, kuɗin da banki ke karɓa na isar da saƙo da duba takardu ladan aiki ne. Inda ake bukatar tsayawa shi ne lamuni mai jinkirin biya, in Alhaji ya ce a ba shi kuɗinsa yau a yanke wani abu. Wannan a kai shi gaban malamai masu sanin mu'amala, a kuma tambayi Bankin Musulunci na Nijar ko sassan Musulunci na sauran bankuna irin tsarin da suke da shi.

Ni ra'ayina tsarin nan adali ne, duk da taurinsa. Da mai rula yana da ikon cewa «ai kaɗan ne» don ya taimaki Alhaji, da takwaransa na Balensiya ma yana da ikon cewa «ai ba ta yi mini ba» don ya taimaki nasa. Taurin da ya hana buhu uku wucewa, shi ne ya hana mai saye guduwa da tan 50. Inda nake ganin gazawa shi ne wajen bayani. Takardun nan da Faransanci ko Ingilishi suke zuwa, mutanen da ke da kayan kuma da Hausa da Dandanci da Zabarmanci suke ciniki. Riɗi da aya da ƙaron da ƙananan ƴan kasuwa suka tara daga ƙauye zuwa ƙauye, sau da yawa wani ne a bakin teku yake fitar da su da sunansa, ya ci ribar ƙetare, don shi ya iya cika takarda.

Ina kira ga rassan bankunan da ke Gaya da Doso, da Majalisar Kasuwanci da Masana'antu ta Nijar, su ware rana ko da sau ɗaya a wata, su zauna da ƴan kasuwa da tiranziter, a ɗauko takardar lamuni ta gaske a goge sunaye, a karanta ta layi-layi da harshen da ake ciniki da shi. Kai kuma Alhaji, cikin yaran da ka biya wa kuɗin makaranta akwai wanda ya iya karatu da natsuwa. Ka saya masa rula, ka zaunar da shi kusa da kai ranar da saƙon banki ya iso, kuma kada a kira direba sai ya kai layin ƙarshe.